Hadarin da Na Zaci na Makka ne

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na Allah ne mu, kuma duk nisan da mutum ya yi, wurinsa zai tattara ya koma.

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Rajab na 1446, daidai da sha huɗu ga Janairun 2025, ina shagona a Aziziyya, nan Makka, ina jera sallayu da casbi, kira ya shigo da lambar Nijar. Inna Hajara ce, matar maƙwabcinmu Baba Issoufou. Ba ta ja gaisuwa ba, ta ce, "Munzali, babanka ya cika bayan asuba." Zazzaɓi ne na kwana uku. An yi masa sutura da hantsi a garin Gaya, inda aka haife shi shekara saba'in da huɗu da suka wuce.

Baba Issoufou, ba kai ka haife ni ba, amma ƙofarmu da taku a unguwar Zahir taku goma ne tsakani, kuma hannunka ne ya fara ba ni kifi ba tare da ƙaya ba. Duk wanda ya san ka ya san burinka guda ne a duniya: ka mutu a Makka, a yi maka salla a Harami. Ka zo Hajji kana saurayi, ka ƙi komawa, ka yi shekara arba'in da ɗaya ba iƙama, ba wata takardar zama, kana lallaɓawa ta lunguna don wannan buri. Likafaninka ma ka wanke shi da zamzam ka naɗe a akwati tun ban yi aure ba. Sai ga shi an binne ka a Gaya. Mutanen Zahir sun san an mayar da kai gida shekara biyu da suka wuce, amma ba su san dalili ba. Ni na sani. Ka hana ni faɗa, na yi maka biyayya har ka bar duniya. Yau zan saɓa maka a karo na biyu, ka yafe mini.

Kafin ka zama mai suyar kifin da yara ke zagaye kaskonsa bayan la'asar, masunci ne kai. Ka koyi su a kogin Kwara, ka ƙara a tafkin Cadi, sannan ka yi shekara tara kana bin jiragen masunta a Shu'aiba, bakin Bahar Maliya, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna daga Makka. Da aka fara matsa wa marasa takarda a gaɓa, ka dawo cikin duwatsu ka kama kasko. Amma ruwa bai fita daga ranka ba. Ko kifi aka kawo maka daga Jidda, sai ka juya shi ka shinshina, ka ce jiya teku ta yi fushi, kuma in an bincika a tarar haka ne. Ban san ranar da wata bazawara ko maraya ya tsaya a gabanka ya tafi hannu wofi ba. Kana zuba musu kana faɗa, wai sun tare maka haske.

Mu da aka haifa a nan, kakanninmu suka biyo ta Sudan, ba mu san ruwa ba sai na famfo da na zamzam. Shi ya sa ranar da na ɗauro kayak a kan mota, wannan siririn kwalekwalen roba mai ɗaukar mutum biyu, duk layinmu aka fito kallo. Ka zagaya shi sau biyu, ka ƙwanƙwasa cikinsa da ɗan yatsa, ka ce ɗan dutse ya sayo akushi zai shiga teku. Aka yi ta dariya. Da mutane suka watse sai ka kira ni gefe, ka ce in har da gaske nake, kada in kuskura in jefa shi ruwa sai kana wurin.

Na san abin da wannan magana take nufi. Kowace fita daga Makka kasada ce a gare ka, don ba a san inda za a tsayar da mota ba. Inna Hajara ta yi ta mita. 'Yarka Mas'uda, wadda ke aure a bayan layinmu, har kuka ta yi maka. Ka ce da su sau ɗaya ne a wata, kuma Allah yana nan. Ni kuwa, da son raina, na karɓi tayin ban ko yi kara ba.

Ba ka taɓa shiga kwalekwalen ba. Zamanka a kan yashi ne, da butar shayi da wata doguwar sanda. A kan sandar ka ɗaura tsagin tsohon harami, irin waɗanda alhazai ke bari a tantunan Mina, ka kafa ta, ƙyallen yana nuna inda iska ta nufa. Dokarka ita ce ba a taɓa ruwa sai an shanye shayi ana kallo. Da farko abin ya ishe ni. Ga teku a gabana, ga tsoho yana kurɓar shayi kamar bai san rana na tafiya ba. A cikin wannan zama ka nuna mini farin kumfar da ke fashewa a kan duwatsun murjani, waɗanda suka yi wa gaɓa shinge, ka ce cikin shingen wasa ne, bayansa kuwa ba wurin akushi ba ne. Ka ce in fara tuƙi ina fuskantar iska, don in ƙarfina ya ƙare ita ta kawo ni gida. Ka sa na ɗaure filafili da igiya a jikin jirgin. Ranar da na manta rigunan kariya a gida kuwa, ka ƙi shiga mota har sai da na koma na ɗauko.

Ba ka raina hasashen yanayi na waya ba. Kullum sai ka ce in karanta maka, ka gyaɗa kai, sannan ka dubi ƙyallenka. In sun yi daidai, to. In sun saɓa, sai ka ce ita wayar daga nesa take kallo, mu kuwa ga mu a wurin. Lokacinka kuma na salla ne: a shiga bayan fitowar rana, a fito kafin azahar. Shekara biyu muna haka, ko gwiwata ban taɓa bugewa ba, har na fara jin ni ma na iya.

Wannan jin ne ya kai mu ga Asabar ɗin nan ta watan Nuwamba. Na daɗe ina cika wa Lurwanu baki, ƙanin matata Kabira, direban bas ne, magidanci mai 'ya'ya uku, bai iya iyo ba ko kaɗan. Ranar ya yarda zai bi ni, amma aiki ya riƙe shi, ba mu isa Shu'aiba ba sai bayan azahar. Tun a mota ka ce lokaci ya wuce, mu sha iska kawai mu dawo. Ni kuwa na riga na ƙudura.

Ban taɓa ganin teku kwance kamar ranar ba. Lumui, kamar an shimfiɗa faranti. Iskar da ta saba kaɗowa daga ruwa da rana ba ta zo ba. Ƙyallenka ya rataye bai ko motsi. Da na waiwaya gabas, wajen duwatsu, sai na ga hadari baƙi ƙirin ya haɗo a kan Makka.

Duk ɗan Makka ya san abin da yake yi in ya ga haka. Tunaninsa gida ne: shanya a saman bene, yara a kan titi, ambaliyar da ke gangarowa daga duwatsu ta kwashe motoci. Nan take na zaro waya daga jakarta ta roba na kira Kabira, na ce ta kwashe shanya, ta tara yara a ɗaki. Lurwanu ma ya kira nasa gida. Iyalai biyu da muka tarar a gaɓa suka naɗe tabarmi suka tafi don kada ruwa ya tare su a hanya. Ni kuwa na ji na sauke nauyi. A lissafina hadarin na Makka ne, mu muna nesa da shi, rana ma tana kanmu. Na jefa wayar a aljihu ban mayar da ita jakarta ba, na fara jan kwalekwale.

"Mi ka gani can baya?" ka tambaye ni.

"Hadari ne, Baba. Ana ruwa a gida."

"Shi hadarin, iskatai ina za ta?"

Na ce waya ta nuna iska kaɗan ce yau, ga shi kuwa ruwa ko motsi ba ya yi. Ka nuna mini sandar. Ƙyallen ya ɗan ɗaga, ya nuna teku, ya koma ya kwanta. Ka ce ruwan da iska ke tahowa daga tudu kullum kwance yake a baki, don ƙasa ta kare shi, haukarsa tana can gaba inda ido bai kai ba, kuma irin wannan iska turawa take ba dawowa da mutum ba. Na san wannan karatu, ka sha yi mini shi. Amma ga Lurwanu tsaye da rigar kariya a jiki yana murmushi, ga bakin da na cika wata da watanni.

"Kak ka shiga, Munzali."

Sau ɗaya ka faɗa, don ba ka maimaita magana. Na ce rabin awa kawai, kuma ba za mu bar gefen gaɓa ba. Ka dube ni, ka ajiye kofin shayinka ba ka shanye ba.

Mintuna goma na farko Lurwanu har waƙa yake. Jirgin yana tafiya da sauƙin da ban saba ba, na ɗauka ƙarfina ne, ashe iska ce ta fara tura mu ta baya. Sai wani sanyi ya taɓa mini ƙeya, da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na waiwaya na ga ƙura ta tashi ta rufe motarmu, kai kuma kana tsaye kana kaɗa rawaninka da hannu biyu. Na juya kan jirgin. Na tuƙa har jijiyoyin wuyana suka miƙe, amma motar sai ƙara ƙanƙancewa take. Lurwanu yana dukan ruwa da filafili ba tsari, Hausarsa ta gudu, sai Larabci yake yana cewa in mayar da shi, yana kiran sunayen 'ya'yansa. Iska ta bi da mu ta ɓarakar da ke tsakanin murjani kamar an ja mu da igiya.

Bayan shingen wata teku ce daban. Igiyar ruwa ta farko ta cika mana cinya, ta biyu ta juya jirgin ya ba ta gefe, ta uku ta kifar da mu. Da na ɗago, ban ga Lurwanu ba. Na ƙwala masa kira, ruwan gishiri ya cika mini baki. Can na hango rigarsa tana yawo da shi, na cafko wuyanta na manna hannunsa a igiyar jirgin. Ya so ya saki ya nufi gaɓa, gaɓar da ba ma ko ganinta. A nan muryarka ta dawo mini, cewa wanda ya kife kada ya rabu da jirginsa, don jirgi ake hangowa, ba a hango kan mutum. Na naɗe igiyar filafili a damtsensa. Na laluba aljihu, wayar ta sha ruwa ta mutu.

Ban san tsawon lokacin da muka yi ba. Na dai san iskar ta lafa, rana ta yi ja ta fara gangarowa, hannuwana sun daina jin igiya, Lurwanu kuma ya daina magana, sai kalmar shahada a hankali. Na tuna babu kowa a gaɓar nan sai kai, kai kuma ba ka da takarda. Wallahi na faɗa a raina cewa in ka ɓuya ban ga laifinka ba.

Abin da ka yi, wani matashin askar ne, ɗaya daga cikin masu gadin gaɓa, ya ba ni labari daga baya. Kafin ƙura ta rufe, ka kwantar da sandarka a yashi, kanta yana nuna inda ka ga launin jirginmu na ƙarshe. Ka kira lambar agaji da 'yar tsohuwar wayarka, aka ce an ji, za a fita nema. A nan aikinka ya ƙare, Baba. Da ka koma bayan tudun yashi ka zauna, babu wanda zai san da kai. Amma ka san inda za su nufa, ka kuma san ba can muke ba. Ka taka da ƙafarka, cikin ƙura da yayyafi, da gwiwar nan taka mai ciwo, har ofishin masu gadin gaɓa, irin ƙofar da ka yi shekara arba'in da ɗaya kana kauce mata.

Ka tarar suna shirin bin iska kai tsaye zuwa yamma. Ka ce musu jirgin ya kife, don ka ga launinsa ya ɓace gaba ɗaya, kuma jirgin da ya kife da mutum biyu rataye a jikinsa ba ya gudu da iska kamar wanda ke tsaye, ruwa yake bi, ruwan bayan murjani kuwa a wannan wata arewa yake ja. Shugabansu ya dube ka, tsoho da jiƙaƙƙiyar jallabiya, ya tambaya ta ina ka sani. Ka ce su ɗauke ka, in ka yi kuskure su jefa ka ciki. Suka ɗauke ka. Da kuka fita daidai inda sandarka ta nuna, ka sa aka kashe inji, ka jefa gorar ruwa, kowa ya ga inda ta nufa.

Saura kaɗan rana ta faɗi na ji ƙugin inji. Abin da na fara gani farin rawani ne a goshin jirgi. Aka ciro Lurwanu, aka ciro ni. Na kasa kallon idonka. Na jira faɗa, na jira ko da kalma ɗaya mai zafi, don da ta fi mini sauƙi. Sai ka lulluɓa mini bargo, ka ce, "Kun yi la'asar?"

Askarawan nan sun kyauta mana, Allah ya saka musu. Sun ba mu shayi, sun kira likita ya duba Lurwanu. Sannan aka zo rubuta rahoto. Na miƙa iƙamata da ke mota, Lurwanu ya miƙa tasa. Shugaban ya juyo gare ka da fara'a, yana cewa sunan wannan dattijo ne ya kamata ya zo a farko, ya miƙo hannu. Ka gyara zama, ka ce, "Ba ni da ita, ɗana. Ban taɓa yi ba." Na ga hannun mutumin ya tsaya a iska. Ya daɗe yana kallon takardar gabansa. Amma kiran ya riga ya shiga rajista, mutanensa duk suna tsaye, doka kuma ba shi ya kafa ta ba.

Sati uku ka yi a gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu. Mun bi duk ƙofar da muka sani, ba ta buɗe ba. Da na samu ganinka, na durƙusa ina kuka kamar ba magidanci ba. Ka ce in tashi, mutane na kallo. Ka ce in Inna Hajara da Mas'uda sun tambaya, in ce an nemi takarda a bakin ruwa ba ka da ita, wannan ba ƙarya ba ce, sauran kuma in haɗiye. Ka ce ba ka so ɗiyarka ta riƙa ganina a layi tana juya kai, ga yaranmu suna wasa tare. Na karɓa da sauri, kuma yau na gane ba don biyayya kaɗai ba ne, har da tsoro. Inna Hajara ta naɗe likafanin ta bi ka bayan wata biyu. Mas'uda ba ta ƙara sa ka a ido ba.

Kwalekwalen yana saman bene, rana ta cinye launinsa. Duk Juma'a muna waya, ba ka taɓa tayar da maganar ba. Sai dai ka tambayi Harami, ko an gama gyaran wuri kaza, ko tattabaru suna nan. Sau ɗaya na ce maka na bar teku har abada, ka yi mini tsawa, ka ce teku ba ta yi mini ƙarya ba, ta faɗi abin da za ta yi, ni ne ban saurara ba. Ka ce in koma, in koya wa wasu 'yan dutse su riƙa duban baya kafin su dubi gaba. Na ɗauki alkawari, ban cika ba tukuna.

Ranar da Inna ta kira, na rufe shago na gangara Harami. Bayan sallar la'asar ladan ya yi shelar sallar gawa kamar kullum. Muka miƙe. Da aka sallame, aka fito da makara huɗu, mutane suna rige-rigen sa kafaɗa. Na tsaya ina ƙirga su kamar zan ga ta biyar. Da na ji magana ɗaya tak da ka faɗa mini a bakin ruwa, da yau kafaɗata na ƙarƙashin taka. Ni na raba ka da abin da ka jira shekara arba'in da ɗaya, kuma wannan ciwo da shi zan mutu.

Ya Allah, bawanka Issoufou ya so maƙwabtakar ɗakinka, ya sayar da ita don ya ceci rayuka biyu. Ka ba shi maƙwabtakar da ta fi ta. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa a Gaya, ka sanyaya shi, ka tashe shi cikin waɗanda aka sallata a Harami. Ka sa aljannar Firdausi ce makomarsa, mu kuma in tamu ta zo ka sa mu cika da imani.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Hajara, da 'yan'uwansa na Gaya, da jikokinsa, da jama'ar Zahir da suka ci daga kaskonsa. Allah ya ba mu haƙurin rashi. Lurwanu da Kabira sun karanta wannan kafin in fitar, sun ce in fitar.

Mas'uda, ke na bari a ƙarshe. Shekara biyu kina gaishe ni a hanya, kina aiko wa yarana abinci, ranar rasuwar ma ke kika riƙa ba ni haƙuri. Yanzu kin san wanda kike ba haƙurin. Sandar Baba tana wurina da ƙyallenta, na koma na ɗauko ta daga yashi washegari, kuma ke ce mai gadonta. Gobe bayan la'asar zan kawo miki ita. Zan yi sallama sau uku, in tsaya a waje. In kin buɗe, na gode wa Allah. In ba ki buɗe ba, zan jingine ta a bakin ƙofa in tafi, kuma ba ki zalunce ni ba.

Munzali
Zahir, Makka